Ƙungiyar TeamTNT da darasin da ta bar wa matasan Zamfara

A ranar 8 ga Agustan 2024, kamfanin id Software na Amurka ya sake fitar da tsofaffin wasanninsa na kwamfuta guda biyu, Doom da Doom II, a dunƙule cikin sabon tsari da ke aiki a na'urorin zamani. Cikin kayan da aka haɗa wa mai saye akwai wani kundi mai matakai 32 da ake kira TNT: Evilution. Waɗanda suka zana shi ba ma'aikatan kamfanin ba ne. Wasu masu sha'awar wasan ne, kowa yana zaune a garinsu, suka haɗa shi a 1995 da niyyar raba shi kyauta. Shekara kusan 30 ke nan aikin nasu yana kasuwa, kuma kamfanin da ke karɓar kuɗin a yau yana ƙarƙashin Microsoft, wanda ya sayi uwar kamfanin, ZeniMax, a kan Dala biliyan 7.5 a cinikin da aka kammala a 2021.

Mai shago a babbar kasuwar Gusau ko ma'aikaci a sakatariyar jiha zai iya cewa ina ruwan biri da gada. Ruwan kuwa yana nan. Tun a 2023 Gwamnatin Tarayya, ta hannun Ma'aikatar Sadarwa da ke ƙarƙashin Minista Bosun Tijani, ta ƙaddamar da shirin 3MTT na horar da 'yan Najeriya miliyan uku a fannonin fasahar zamani, kuma ƙirar wasannin kwamfuta tana cikin darussan da aka lissafa. A lokaci guda, wasannin da matasa ke bugawa a wayoyinsu a Gusau da Tsafe da Bunguɗu sun fara zuwa da kayan aikin da ke bai wa kowane yaro damar zana fagen wasansa da kansa. Ke nan tambayoyin da suka raba kan wata ƙaramar ƙungiya a 1995 sun kusa iso ƙofar gida: wa ya mallaki aikin da aka yi don sha'awa, wa zai ci ribarsa, kuma me zai rage idan masu aikin sun watse?

Yadda aka buɗe ƙofar

Doom ya fito ne a ranar 10 ga Disambar 1993. Wasa ne na harbi, inda mai wasa ke ratsa ɗakuna da lunguna yana neman makullai da hanyar fita, dodanni suna tare shi. Kowane yanki da zai ratsa daga shiga zuwa fita shi ne mataki ɗaya. Zana mataki aiki ne da ya yi kama da na mai zanen gini: a ina ƙofa za ta kasance, yaya tsayin bango, ta ina haske zai shigo, a wane lungu za a ɓoye makulli, kuma yaushe mai wasa zai samu sararin numfashi.

Abin da ya bambanta Doom da yawancin wasannin zamaninsa shawara ce ta John Carmack, babban mai rubuta manhajar kamfanin. Ya raba injin wasan daban, ya zuba taswirori da hotuna da sautuka a wani fayil daban da ake kira WAD. Duk wanda ya iya haɗa nasa fayil ɗin zai iya ɗora shi a kan injin ba tare da ya taɓa asalin wasan ba. Cikin 'yan watanni, a farkon 1994, wasu masu sha'awa irin su Brendon Wyber da Raphaël Quinet suka samar da manhajar zane mai suna DEU, suka raba ta kyauta. Kamfanin ya roƙi abu ɗaya: kada a yi matakan da za su yi aiki a kan ɓangaren wasan da ake bayarwa kyauta, domin mai son ƙari ya sayi cikakken wasan.

Dabarar ta ciniki ce tsantsa, kuma duk ɗan kasuwa zai gane ta. Kowane sabon mataki da wani ya zana a ɗakinsa ƙarin dalili ne da zai sa wani ya sayi wasan. Dubban mutane suka zama ma'aikatan kamfanin ba tare da albashi ba, kuma suna murna da hakan. Ba a daɗe ba wasu 'yan kasuwa suka shigo ta bayan gida. Suka riƙa kwaso ɗaruruwan matakai daga intanet suna zubawa a faifan CD suna sayarwa a shaguna, kamar jerin D!Zone na kamfanin WizardWorks. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Shi kansa id Software ya mayar da martani a ƙarshen 1995 da kundin Master Levels, wanda ya biya wasu zaɓaɓɓun masu zane suka yi masa.

Haihuwar ƙungiyar da rikicin sayarwa

A cikin wannan yanayi TeamTNT ta kafu. Bayan fitowar Doom II a 1994, wasu daga cikin ƙwararrun masu zanen suka ga cewa mataki ɗaiɗai ba ya kai mutum ko'ina, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Suka yanke shawarar yin cikakken kundi mai matakai 32, daidai da adadin na Doom II, tare da sababbin hotuna da sabon kiɗa. Suna warwatse a garuruwa da ƙasashe daban-daban, intanet ɗin wancan lokaci kuwa ta layin tarho ce mai tafiyar hawainiya. Mutumin da sunansa ya fi haɗuwa da shugabancin ƙungiyar shi ne Ty Halderman, Ba'amurke.

A ƙarshen 1995 aiki ya kammala, jama'a suna ta jira. Ana gab da sakinsa kyauta sai John Romero, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa id Software, ya tuntuɓi ƙungiyar da tayin saye. Ƙungiyar ta amince, aka dakatar da fitarwar. Nan take ƙura ta tashi. Waɗanda suka daɗe suna jira suka zarge su da cin amana da sayar da kai. Hujjarsu ita ce, kowa a wannan fage ya koyi aikin ne da manhajojin kyauta da shawarwarin kyauta, don haka bai dace wasu su tattara wannan alheri su mayar da shi haja ba. Masu goyon bayan ƙungiyar kuma suka ce wanda ya yi watanni yana hana idonsa barci ya fi kowa haƙƙin yanke hukunci a kan aikinsa, kuma ba kullum kamfanin da ya ƙirƙiri wasa ke zuwa da kansa ya ce aikin ɗan koyo ya kai a saka masa tambari ba.

Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa. Abin da ya hura wutar shi ne an riga an yi wa jama'a alƙawari kafin kuɗi su shigo. Ƙungiyar da ta fara da zumunci ta wayi gari tana da haja, alhali waɗanda ke kewaye da ita suna kallon hajar a matsayin ta kowa da kowa.

Daga cikin membobin akwai wasu 'yan'uwa biyu 'yan Birtaniya, Dario Casali da Milo Casali. Sun aika wa kamfanin wasu matakai takwas da suka zana, aikin ya burge, aka ba su kwangilar wani kundin mai matakai 32. Kowannensu ya zana 16, suka miƙa a Janairun 1996. Shi ne The Plutonia Experiment. Aka haɗa kundin biyu aka fitar da su a watan Yunin 1996 da sunan Final Doom. Dario Casali daga bisani ya samu aiki a kamfanin Valve, ya kasance cikin waɗanda suka zana matakan Half-Life na 1998. Ba shi kaɗai ya bi wannan hanya ba. Tim Willits ma daga zanen sha'awa id Software ya ɗauke shi aiki, har ya kai ga shugabancin sashen ƙirar kamfanin.

Makullin da ya ɓata da gadon da ya rage

Akwai wani ƙaramin al'amari a Final Doom da masu nazarin tarihin wasan ba sa mantawa. A mataki na 31 na TNT: Evilution, wanda aka zana da siffar gine-ginen Fir'aunonin Masar, an yi kuskure wajen saita wani makulli mai ruwan ɗorawa, ta yadda ba ya bayyana ga mai wasa shi kaɗai. Haka aka buga faifan aka kai kasuwa. TeamTNT ce ta fitar da gyaran kyauta. Waɗanda aka zarga da kwaɗayi su ne suka dawo suka ɗinke ɓarakar da ke cikin hajar da ta riga ta bar hannunsu.

Ba su tsaya nan ba. A 1996 suka fitar da wani cikakken kundin, Icarus: Alien Vanguard, kyauta kamar yadda aka saba. Da id Software ya saki asalin rubutun injin Doom ga jama'a a Disambar 1997, wasu 'yan ƙungiyar, ciki har da Jim Flynn da Lee Killough da Halderman kansa, suka zauna suka gyara kurakuransa, suka cire iyakokin da ke takura masu zane, suka fitar da sabon inji mai suna Boom a 1998. Ba su karɓi ko kwabo a kansa ba. Amma tsarin Boom ya zama ma'aunin da masu zane ke bi har yau, kuma fitowar 2024 ta kamfanin da kansa ta zo da damar buga matakan da aka gina a kan wannan tsari. Abin da aka sayar ya kawo wa 'yan ƙungiyar kuɗi sau ɗaya, abin da aka bayar kyauta kuma ya riƙe sunansu fiye da shekara 25.

Halderman ya ɗauki wani nauyin da ba ya jawo tafi. Shekaru da dama shi ne mai kula da babbar ma'ajiyar matakan Doom ta intanet, yana karɓar abin da mutane suka aiko, yana dubawa, yana jerawa. Ya rasu a 2015, kuma ƙungiyar ba ta sake tashi ba bayansa. Ma'ajiyar ta tsira ne saboda an yi kwafinta a wurare da yawa kuma wasu sun karɓi aikin. Wannan ma darasi ne ga duk wata ƙungiyar unguwa da rajistarta da kuɗinta da lambobin sirrinta ke cikin wayar mutum ɗaya.

Da kamfanoni suka farga

Abin da ya faru da TeamTNT ya maimaita kansa a manyan sikeli. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin gyaran da ɗalibai biyu, Minh Le da Jess Cliffe, suka yi wa Half-Life. Valve ya sayi haƙƙin a 2000 ya kuma ɗauke su aiki. Dota taswira ce kawai da masu sha'awa suka zana a cikin wasan Warcraft III na kamfanin Blizzard tun daga 2003. Valve ya ɗauki mai kula da ita, aka yi jayayya a kan sunan tsakanin kamfanonin biyu har aka sasanta a 2012, kuma a 2021 kyautar gasar duniya ta Dota 2 ta haura Dala miliyan 40. Shi ma PUBG, wanda samari ke bugawa a waya a ko'ina a Arewa, tushensa gyare-gyaren da wani ɗan Ireland, Brendan Greene, ya riƙa yi wa wasan Arma ne kafin wani kamfanin Koriya ta Kudu ya gayyace shi suka fitar da wasan a 2017.

Blizzard bai manta da yadda Dota ta suɓuce masa ba. Da ya sake fitar da Warcraft III a Janairun 2020, ya rubuta a sharuɗɗansa cewa duk wasan da wani ya ƙirƙira da kayan zanen kamfanin mallakin kamfanin ne. Valve da Bethesda kuma sun gwada buɗe kasuwar sayar da gyare-gyaren wasan Skyrim a Afrilun 2015, inda mai zane zai samu kashi 25 cikin 100 kacal. Hayaniyar da ta biyo baya ta sa aka janye tsarin cikin ƙasa da mako guda. A Maris ɗin 2023 kamfanin Epic Games ya zo da wani salon: ya yi alƙawarin ware kashi 40 cikin 100 na kuɗin shigar Fortnite, bayan cire wasu kuɗaɗe, don rabawa ga masu zana tsibiran wasan gwargwadon yadda jama'a ke shigarsu. Roblox ma yana biyan masu ƙira, duk da cewa ya sha suka a kan ƙanƙantar kason da ke isa hannunsu da kuma yadda ƙananan yara ke cikin masu aikin.

Ko a fitowar Doom ta 2024 tsohuwar matsalar ta sake leƙowa. An buɗe wa kowa damar ɗora matakai a cikin wasan, sai masu zane da dama suka koka cewa wasu na ɗora ayyukansu ba da izininsu ba.

Bambancin da ke tsakanin 1995 da yau a fili yake. A wancan lokaci fayil ɗin yana hannun wanda ya zana shi, shi ya sa sai da Romero ya zo ya yi ciniki. A yau mafi yawan kayan zanen suna zaune ne a cikin rumbun kamfani. Free Fire yana da Craftland, PUBG Mobile yana da World of Wonder, kuma yaron da ya zana fage a cikinsu ya amince da dogayen sharuɗɗa na Turanci da da wuya ya karanta. Idan aka rufe asusunsa ko aka daina wasan, aikin ya tafi. Wanda ya yi gini a filin aro ya san ranar da mai fili zai zo.

Madubin gida

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce ga labarin sha'awar da ta rikiɗe ta zama masana'anta. Fim ɗin Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin mafarin finafinan bidiyo na Hausa, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano a 1990. Littattafan soyayya na Kano ma daga ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama suka bunƙasa, marubuta suna haɗa kuɗi da shawara suna buga ayyukansu. Babu gwamnatin da ta kafa waɗannan sana'o'i. Matasa ne suka fara don ra'ayi, kasuwa ta biyo su.

Abin da ya biyo baya ma sananne ne. Ƙarfin cinikin ya koma hannun masu rarraba kaset da faifai, yarjejeniyoyi da yawa na baka ne, satar fasaha ta yi katutu, daga baya masu tura finafinai a waya suka durƙusar da kasuwar faifan baki ɗaya. Jarumai da marubutan da suka yi tashe aka riƙa jin labarin neman taimakonsu a lokacin jinya. Masana'antar ta sake samun numfashi ta hanyar YouTube da tashoshi irin su Arewa24, amma nan ma dandalin na wani ne, shi ke tsara yadda za a biya. Duk wanda ya san wannan tarihi ba ya bukatar a fassara masa rikicin TeamTNT.

Ina Zamfara take a wannan lissafi?

Masana'antar ƙirar wasanni a Afirka ƙarama ce, amma tana nan. A Legas akwai Maliyo Games da Hugo Obi ya kafa a 2012, wanda ya yi aiki da Disney wajen fitar da wasan waya na Iwájú a 2024. A Ghana akwai Leti Arts, a Kamaru kuma Kiro'o Games ya fitar da Aurion a 2016. Abin lura shi ne kusan duka suna biranen da ke da wuta da intanet da masu zuba jari.

A Zamfara lissafin daban ne. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a faɗin jihar bisa bukatar gwamnatin Bello Matawalle domin yaƙi da 'yan bindiga, aka shafe makonni babu kira babu intanet, wasu yankunan ma fiye da haka. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data. Wutar lantarki ba ta da tabbas. Garuruwa irin su Wanke da ke Ƙaramar Hukumar Gusau, da ƙauyukan Tsafe da Bunguɗu, sun sha fama da hare-hare da satar mutane, har noma da zuwa makaranta suka zama abin fargaba. A Satumbar 2023 an sace ɗalibai na Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida. A ƙarshen wannan shekarar Gwamna Dauda Lawal ya ayyana dokar ta-ɓaci a fannin ilimi. Wanda bai kwana lafiya ba ba zai zauna zanen taswira ba, kuma duk maganar fasaha da ta tsallake batun tsaro zancen taro ne kawai.

Duk da haka, tarihin TeamTNT yana ɗauke da wani abu da ya dace da wuri mai ƙarancin hali. Mutanen nan sun yi aikinsu ne da kwamfutocin da wayar hannu mai araha ta yau ta fi su ƙarfi nesa ba kusa ba. Kayan aikin da suka bari suna nan kyauta. Manhajojin zana matakan Doom na zamani ba sa bukatar intanet bayan an sauke su, kuma suna aiki a tsohuwar kwamfutar ofis. Haka ma injin ƙirar wasanni na Godot, wanda kyauta ne kuma babu kamfanin da zai nemi kaso daga abin da aka ƙera da shi. Matashin da iyayensa suka baro ƙauye suka dawo Gusau, wanda ke yini a shagon cajin waya ko gidan gem, tazarar da ke tsakaninsa da wannan ilimi ba ta kai yadda ake zato ba. Kuma abin da zai koya bai tsaya ga wasa ba: auna fili da kusurwa, tsara aiki daki-daki, gano kuskure da gyara shi, aiki da mutanen da ba ya gani, da cika alƙawarin lokaci. Masu zanen gine-gine da masu safiyo da masu rubuta manhaja da irin wannan tunani suke cin abinci.

Damuwar iyaye

Ba za a rufe ido ga ɗaya ɓangaren ba. Doom wasa ne na bindiga da jini da siffofin shaiɗanu, kuma ya sha suka a Amurka kanta, musamman bayan harin makarantar Columbine a 1999, da aka gano ɗaya daga cikin maharan yana zana matakansa. A jihar da ƙarar bindiga ba ta cikin allo kaɗai, uban da ya ƙi ganin ɗansa yana harbi ko da na wasa ne yana da hujja. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sanya jarabar wasannin kwamfuta cikin jerin cututtukanta da ya fara aiki a 2022. Ga kuma yadda wasu wasannin ke jan yara sayen kayan ado na cikin wasa da kuɗin gaske, da yadda shagunan caca ke fakewa da sunan wasa.

Sai dai akwai tazara tsakanin mai bugawa da mai ƙerawa. Na farko yana kashe lokaci da data, na biyu yana fita da abin nunawa. Kuma dabarar zana mataki ba ta ɗaure da harbi ba. Da ita za a iya gina wasan dara ko langa, ko tseren dawaki na hawan Sallah, ko tafiyar fatake daga Kano zuwa Gwanja, ko wasan koya wa yara lissafi da Hausa. Idan 'ya'yan Hausawa ba su zana duniyarsu ba, za su ci gaba da yawo a cikin wadda wasu suka zana musu.

Abin da ya rage a yi

Ga matasan da za su haɗu su yi irin wannan aiki, darasi na farko shi ne a rubuta kafin a fara. Wa ya zana me, kyauta za a bayar ko sayarwa za a yi, idan tayi ya zo wa zai yi magana da yawun kowa, kuma yaya za a raba. Takarda ɗaya da shaidu biyu ta isa ta hana zumunci lalacewa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Maris ɗin 2023, tana kare manhajojin kwamfuta da zane-zane, kuma ta tanadi cewa miƙa haƙƙi ga wani sai a rubuce. Amma doka ba za ta ƙwato wa mutum abin da ya sallama da kansa ta hanyar latsa maɓallin amincewa ba. Don haka a koyi aiki a dandalin kamfani idan shi ne a hannu, amma babban aiki a yi shi da kayan da fayil ɗinsa zai zauna a hannun mai shi, a kuma ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya.

Ga 'yan kasuwa, masu gidajen gem da shagunan kwamfuta su ne suka fi kowa kusa da waɗannan yara. Ware kwamfuta ɗaya ko biyu na 'yan awanni a mako domin masu koyon ƙira ba zai karya jari ba, kuma hanya ce ta gano masu basira tun kafin Legas ko ƙasar waje ta gano su. Amma wanda zai saka kuɗi ya shigo a matsayin abokin tarayya mai rubutaccen kaso, kada a maimaita abin da ya faru a zamanin kaset.

Ga jami'an gwamnati, ma'aunin nasarar shiri irin 3MTT bai kamata ya tsaya ga yawan takardun shaidar da aka raba ba. TeamTNT ba ta da takardar shaida ko ɗaya, aikin da ta gama ne ya sa kamfani ya neme ta. Ɗaki mai wutar sola da kwamfutoci goma a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko Kwalejin Abdu Gusau da ke Talata Mafara, wanda ake buɗewa da yamma kuma ake barin ɗalibai su yi abin da suke so a ciki, zai fi bikin ƙaddamarwa amfani. Gasar shekara-shekara da sharaɗinta shi ne a kawo aikin da aka kammala, kuma haƙƙinsa ya zauna a hannun mai shi, ba ta bukatar kasafi mai nauyi.

Ƙungiyar da Ty Halderman ya jagoranta ta watse, amma har yanzu mai sayen Doom yana ratsa ɗakunan da suka zana a 1995, masu zane kuma suna aiki da injin da suka gyara a 1998. Sun samu wannan ne saboda abu uku: kayan aiki a buɗe, haƙurin gama abin da aka fara, da mutum mai riƙon amanar ajiya. Na farko yana samuwa a Gusau a yau ga duk mai tsohuwar kwamfuta. Sauran biyun kuwa al'ummar da ta gina Kannywood daga ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ta riga ta nuna tana da su. Abin da ya rage shi ne zaman lafiyar da zai bar yaron Wanke ya zauna ya koya, da takardar da za ta tabbatar cewa abin da ya ƙera nasa ne.